Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar NAFDAC kan abin da ke cikin kwalbar maganin ciyawa

Zuwa ga Shugabar Hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, da ma'aikatan sashen da ke yi wa magungunan gona rajista.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da dukkan ma'aikatanki. Ni tsohon malamin gona ne a ƙasar Zazzau. Na yi shekaru a kan babur ina zaga ƙauyuka, ina koya wa manoma tazarar shuka da lokacin sa taki. Da na ajiye aiki sai na koma gonar gado, inda nake noma masara da dawa da waken suya, da 'yar shinkafa a fadama. Mutanenmu sun san NAFDAC da maganin zazzaɓi da ruwan leda, amma ba kowa ya san cewa lambar da ke jikin kwalbar maganin ciyawa ma daga ofishinku take fitowa ba. To tunda daga wurinku take, ku zan kawo wa kukan.

Tun farko bari in kawar da wani zato. Ban zo in ce a koma fartanya ba. Duk wanda ya taɓa duƙawa noman firi a eka biyar, ya dawo ya yi maimai, ya san abin da kwalba ɗaya ta sauke wa ƙugun talaka. Gayya ta mutu a yawancin garuruwa, samari sun tafi acaɓa da haƙar zinare, kuɗin ƙwadago ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, a wasu wuraren kuma manomi so yake ya shiga gona ya fito da wuri saboda halin tsaro. Yau ko tsohuwar da ke da 'yar gayauna a bayan gida ta san maganin ɗauri, ta san na zaɓe, ta san mai ƙone komai. Maganin ciyawa ya zo ya zauna. Abin tambaya shi ne me ke cikin kwalbar, wa ya haɗa shi, kuma wane irin manomi ne a ransa lokacin da yake haɗawa.

Kun fi ni sanin abin da zan faɗa yanzu, amma tunda wasiƙar a buɗe take, ku yi mini haƙuri in yi bayani saboda 'yan'uwana manoma da za su karanta, ko a karanta musu a majalisa.

Abin da ke cikin kwalba ba abu ɗaya ba ne. Akwai uwar magani, wato sinadarin da ke kashe ciyawar, wanda yawancinsa daga masana'antun ƙasar Sin da Indiya yake zuwa. Sannan akwai mahaɗan da ake zuba masa kafin ya zama abin da za a iya fesawa. Mu ɗauki gilaifoset, tunda shi ne sarkin kasuwa. Wani masanin kamfanin Monsanto a Amurka mai suna John Franz ne ya gano ƙarfinsa a kan ciyawa a 1970, aka fito da shi kasuwa a 1974 da sunan Roundup. Da haƙƙin mallakarsa na ƙarshe ya ƙare a Amurka a 2000 sai kowa ya shiga yi, shi ya sa yau za ka ga sunaye barkatai da hotunan zaki da damisa a kan tebur, alhali uwar maganin ɗaya ce. Asalinsa farin gari ne mai tsami wanda ba ya narkewa sosai, litar ruwa guda ba ta ɗaukar fiye da giram goma da 'yan kai. Dole mai haɗi ya gama shi da wani sinadari ya mayar da shi gishiri mai narkewa. Ko a nan bai zama magani ba tukuna. Bayan ganyen ciyawa akwai wani maiƙo kamar kakin zuma, ka ɗiga masa ruwa sai ya dunƙule ya gangare, kamar yadda yake yi a ganyen gwaza. Sai an zuba wani abu dangin sabulu, wanda zai sa ɗigon ya baje, ya manne, ya ratsa ciki. Wannan ɗan sabulun rabin aikin ne. Kuma shi ne ba a rubuta sunansa ko yawansa a takardar kwalba, shi ne kuma mai son rage tsada yake fara tsakurewa, domin ya san ba wanda zai gani.

Atirazin, wanda kamfanin Geigy na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1958, ya fi haka taurin kai, kusan ba ya narkewa sam. Niƙa shi ake yi ya fi kwalli laushi, a sayar da shi gari, ko a riƙe shi cikin ruwa mai kauri kamar kunu. In niƙan bai yi ba, ko abin da ke riƙe shi bai isa ba, sai ya kwanta a gindin kwalba ya daskare kamar ɗumamen tuwo. Manomi ya tsiyaye ruwan sama ya fesa, maganin yana nan a ƙasa, ya jefar da kwalba da kuɗinsa a ciki. Su butakulo da fendimetalin da furofanil na shinkafa kuwa dangin mai ne, a cikin wani mai ake narkar da su, a sa musu abin da zai sa mai da ruwa su yi zumunci, shi ya sa in an zuba su a ruwa suke komawa kamar madara. Haruffan nan da ke bin bayan suna a kwalba wannan bambancin suke nunawa: SL mai narkewa a ruwa, SC mai kauri kamar kunu, WP gari, EC kuma na mai. Na sha tambayar masu shago ma'anarsu, kaɗan ne suka sani.

To, ranki ya daɗe, ga inda gizo ke saƙar. Wanda ya zo neman rajista zai kawo muku samfurin da ya fi kowanne kyau, kamar yadda mai talla ke ɗora manyan tumatir a saman kwando. Abin da ke isowa teburin ƙauye bayan shekara biyu ko uku da samun lamba, wannan wani zance ne daban.

Bari in ba ku labarin ƙanen matata. Yana da wata gona da tofa ta cinye. Ya sayi gilaifoset a wani shago ya fesa, bayan kwana uku ya koma ya tarar da tofa kore shar, ya ɗauko sauran kwalbar ya mayar, ya ce an sayar masa da ruwa. Ranar kasuwa wani mai talla a bayan mota ya yaba masa wata kwalbar, ya ce wannan mai zafi ce, ba ta kwana. Takardarta ma gilaifoset ta ce, ba wani abu ba. Ya fesa a ɗaya ɓangaren gonar, washegari kuwa ganye ya ƙone ƙurmus, ya zo har gida yana yi mini dariya, wai bokona bai san magani ba. Mako uku bayan shuka, tofa ta tsiro ta cikin masararsa kamar allurai. Ɓangaren da ya fesa na farkon, wanda ya kira jabu, nan ne tofar ta mutu har saiwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gilaifoset ba ƙuna yake yi ba, shiga yake ta ganye ya gangara har saiwar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, ya toshe wata hanyar da tsiro ke haɗa abincin jikinsa. Wannan tafiyar tana cin mako ɗaya zuwa biyu kafin a ga rawaya. Duk abin da ya ƙone ganye a kwana ɗaya, an sa masa mai ƙuna a ciki, kuma ganyen da ya ƙone ba ya kai saƙo saiwa. Ga tofa da jiji da ƙiri-ƙiri, masu ajiye ransu a ƙasa, aski kawai aka yi musu. Ku duba yadda kasuwar ta juye: mai haɗin gaskiya ne ake dawo wa da kaya, mai algus kuma shi ake yi wa layi. Wa'azin malamin gona ba zai gyara wannan ba. Ɗakin gwaji ne kaɗai zai iya buɗe kwalbar nan ya ce ga abin da ke ciki wanda takarda ba ta faɗa ba.

Akwai wata dabarar kuma da ba ƙarya ba ce a shari'a, amma tana aikin ƙarya. Kwalba uku a jere, ɗaya an rubuta 360, ɗaya 480, ɗaya 41 cikin ɗari. Manomi zai ɗauki 480 ya ƙara kuɗi, domin a lissafinsa ta fi ƙarfi. Alhali in gishirin da aka fi amfani da shi ne, duk ukun abu ɗaya ne: giram 480 nauyin gishirin ne gaba ɗaya, giram 360 kuma nauyin ainihin maganin da ke cikinsa. Haka farakwat, maganin nan mai ƙone ganye nan take, yake da 276 da 200. Wannan gyaransa bai fi layi ɗaya a ƙa'idar rajista ba. Ku ce kowa ya rubuta nauyin ainihin maganin da manyan lambobi a gaba, in yana son ambaton gishirin ya sa shi ƙanana a baya.

Ma'aunin da za ku kama su da shi ma yana nan, ba sai kun ƙirƙiro ba. Ƙa'idar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce maganin da ke da giram 250 zuwa 500 a lita, bai kamata ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da biyar cikin ɗari ba. Wato kwalbar 360 in ta gaza 342, ta faɗi. Roƙona shi ne kada ku jira a kawo muku. Ku aiko mutanenku cikin kayan gida, da kuɗi a aljihu, su sayi kwalba a Sabon Garin Kano da Saminaka da Funtuwa da Giwa da Kura, har da ƙananan kasuwannin mako inda ake baje kaya a kan buhu. A kai ɗakin gwajinku na Kaduna ko na Oshodi, a auna uwar magani, a auna sabulun, a nemi baƙon sinadarin da ba a ambata ba. Sannan a faɗi sakamakon da suna, a gidan rediyo, da Hausa, kafin ruwan shuka. Sanarwar da ta fito a jaridar Turanci a watan Oktoba ba ta da amfani ga wanda ya yi feshi a Yuni.

Ragin ƙarfin magani ba asarar shekara ɗaya kaɗai yake jawowa ba. Ciyawar da ta sha rabin magani ta rayu, ita ke zubar da iri, 'ya'yanta kuma sun fi ta juriya. A Ostareliya aka fara samun ciyawar da ta gagari gilaifoset a 1996, daga baya abin ya addabi manoman auduga da waken suya a Amurka. Su suna da wasu magungunan da za su koma wa, da kuɗin sayensu. Mu in harkiya da gyazama suka koyi wannan darasi, fartanyar da muka jingine ita za mu ɗauko, kuma babu masu riƙe ta.

Sai maganar ruwa, wadda ban taɓa ganin takardar kwalba ta ba ta muhimmancin da ya kamata ba. A cikin abin da manomi ke goyawa a bayansa, magani ɗan kaɗan ne, sauran duk ruwa ne, kuma ba ruwan famfo ba. Farkon damina daga kududdufi ake ɗiba, ja wur da laka. Gilaifoset da farakwat kuwa da sun haɗu da laka sai su manne mata su mutu. Wannan halin nasu ne ma ya sa ake iya shuka bayan an fesa su ba tare da sun taɓa iri ba. Wanda ya dama su da ruwan kududdufi ya kashe wani kaso na maganinsa tun bai ɗaga injin feshi ba. Haka ruwan rijiya mai zartsi, wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa: sinadaran allin da ke ciki suna kama gilaifoset su rage masa kaifi. Masana sun daɗe da sanin cewa ɗan takin amoniyam salfet, in an fara narkar da shi a ruwan kafin a zuba magani, yana warware wannan. Me zai hana a ce duk wanda zai sayar da maganinsa a nan ya gwada shi da irin ruwanmu? Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana nan, tana da masana ciyawa da gonakin gwaji. In haɗin yana buƙatar mataimaki, a sa masa tun daga masana'anta, ko a rubuta ɓaro-ɓaro cewa a tace ruwa, a bar shi ya kwanta.

Zafi ma haka. Gwajin da aka saba yi a duniya shi ne a ajiye magani kwana 14 a zafin digiri 54, in ya jure sai a ɗauka zai kai shekara biyu a ajiya ta hankali. To ina ajiyar hankali a shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da ko a inuwa zafi ke haura digiri 40? Na sha ɗaukar kwalba a tebur in ji ta kamar an sauke daga murhu. Kayan da bai ƙare bara ba shi ake fitowa da shi bana, wani lokaci an goge kwanan wata da kananzir an buga sabo. A sa kwanan haɗi da lambar rukuni a jikin robar kanta yadda ba za su gogu ba. Sannan 2,4-D, tsohon maganin nan na faffaɗan ganye da ya fito tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, iri biyu ne a haɗi. Ɗaya gishiri ne mai zama inda aka sa shi, ɗayan kuma in rana ta yi zafi tururi yake yi ya tashi ya sauka a gonar maƙwabci. Auduga da tumatir da wake ba sa jure ko ƙamshinsa, ganyensu sai ya murɗe. Na zauna sulhun irin wannan rigimar a gaban mai unguwa, kowa yana rantsuwa, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa. Mai tururin nan ba na ƙasarmu ba ne, bai kamata ya samu lamba ba.

Yanzu farakwat. Na ji daɗi da kuka sanar da hana shi daga 1 ga Janairun 2024, da atirazin daga 1 ga Janairun 2025, ko da yake na san manoma da yawa ba su ji daɗin ba. Tarihin farakwat shi ne babbar hujjar cewa haɗi ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1962 da sunan Gramoxone, ruwa ne mai duhu kamar baƙin shayi. Mutane suka riƙa juye shi a kwalbar lemo, wani ya zo ya kurɓa. Makurwa ɗaya tana kisa, ba shi da makari, huhu yake ci a hankali mutum yana ji yana gani. Shi ya sa daga baya aka riƙa zuba masa shuɗin launi da wari da maganin sa amai, abubuwa uku da ba su kashe ciyawa ko ɗaya, an sa su ne don ran mutum. Duk da haka kotun Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2007, ƙasashen Sahel da suka haɗa da maƙwabciyarmu Nijar suka hana shi a 2011, ita kanta Sin da ke ƙera shi ta hana sayar da na ruwa a cikin gida a 2016. Koriya ta Kudu da ta hana shi, mutuwar masu shan maganin gona ta ragu ƙwarai. Atirazin kuwa Turai ta sallame shi a 2004 saboda yana tsiyaya cikin ruwan ƙasa ya daɗe. Duk wanda ya san yadda rijiyoyin fadamarmu suke, gaba biyu ka tarar da ruwa, ba zai yi musu da wannan ba.

Tsorona shi ne kada ta zama an sayar da kare an sayi biri. Abin da aka hana ta ƙofa, in manomi yana nemansa, ta taga yake dawowa, kuma wanda ya dawo ta taga ba ya zuwa da shuɗi ko wari ko maganin amai, domin mai fasa-ƙwauri ba ya kashe kuɗi a kan ran kowa. Ko ya zo a jarka babu takarda, ko ya ɓuya a cikin kwalbar da ke ɗauke da wani sunan, irin wadda ƙanen matata ya saya. Wannan ya fi na da haɗari, domin in yaro ya sha aka kai shi asibiti da kwalbar, likita zai karanta sunan da ba shi ba ne. Hani yana buƙatar ƙafa, a bi shi kasuwa-kasuwa. Yana kuma buƙatar amsa ga manomin masara da zai ce, to me zan fesa? In gulufosinet ne zai maye gurbin mai ƙuna, a faɗa masa, a faɗa masa ma'auni da farashi da nasa haɗarin.

Wannan ya kawo ni kan takardar kwalba, wadda ita ma a ganina cikin haɗi take, domin magani mai kyau a hannun wanda ba a gaya wa yadda zai yi da shi ba guba ne kawai. An rubuta ta da Turanci, wani lokaci da Faransanci, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero. Ta ce lita 4 a hekta. Manominmu bai san hekta ba, bai auna gonarsa ba, abin da ya sani shi ne goyo nawa take ci. Lissafin kuwa mai sauƙi ne ga wanda ya zauna a ofis: in ruwa lita 200 ne ke isar hekta, injin lita 20 goyo goma ke nan, kowane goyo mililita 400, injin lita 16 kuma mililita 320. Me ya sa ba za a rubuta haka ba, a kuma ɗaura ɗan kofin awo a wuyan kowace kwalba? Yanzu da gwangwanin madara ake awo, wani ya sa ɗaya, wani biyu, wani ya ce ƙara na uku don ta ji a jikinta. A rubuta da Hausar boko da ajami, domin akwai dubban manoma da ba su yi boko ba amma suna karanta ajami tiryan-tiryan. Haka za a yi wa Bayarabe da Tibi da Ibo da nasu harshen.

Kuma a tuna cewa mu ba ma shuka abu ɗaya a gona. Wanda ya tsara maganin masara a Turai ko Amurka, masara zalla yake gani har iya ganinsa. Mu masara da dawa a kunya ɗaya, gero da wake, ga kuɓewa da yakuwa a gefe. Nikosalfuron yana zaɓe a cikin masara amma yana kashe dawa. Atirazin yana zama a ƙasa ya jira waken da za a soka daga baya. A zana hoton dawa da wake da gyaɗa a ja musu jan layi, kowa zai gane ko bai iya karatu ba. Zanen launin da ke gindin takarda, ja da rawaya da shuɗi da kore, wanda ke nuna girman haɗari, shi ma ba a taɓa yi wa mutane bayaninsa yadda ya kamata ba. Na taɓa jin wani yana cewa kore na shinkafa ne, rawaya na masara.

Ku kuma dubi wanda ke goyon injin. Yawanci yaro ne ɗan shekara goma sha, feshi ne sana'arsa ta damina, ana biyansa a kan goyo. Singileti ce a jikinsa, ƙafa ba takalmi, inji na yoyo a gadon bayansa tun safe har azahar, in bakin ya toshe ya sa baki ya hura. A ce ya sa rigar roba da safar hannu da takunkumi a wannan zafin, magana ce ta takarda. Tunda haka abin yake, mahaɗan da ke cikin kwalba su ma a tantance su kamar uwar maganin. Tarayyar Turai a 2016 ta hana wani sabulun da ake yi da kitsen dabba a cikin haɗin gilaifoset, domin an ga ya fi maganin kansa cutar da ido da fata. Wanda ya zo rajista ya bayyana muku duk abin da ya zuba, in ya canza ko ɗaya daga baya ya dawo ya faɗa.

Kwalbar da ta ƙare kuwa ba ta mutuwa. Wata ta koma ta man gyaɗa, wata ta ruwan sha a gona, wata butar alwala. Masu kyan takarda kuma akwai masu bi suna saye, kuma ba don ado suke saye ba, gobe za ka gan ta cike a kasuwa da sabon murfi. Ƙasar Barazil tun dokarta ta 2000 ta ɗora wa manomi ya ɗauraye kwalba sau uku ya mayar inda ya saya, ta ɗora wa kamfani ya kwashe. A nan ko 'yar ladar naira kaɗan aka sa a kan kowace kwalbar da aka dawo da ita a huje, yara kaɗai sun isa su share gonaki. Kuma ku ne kuka kawo tsarin kankare lamba a aika saƙon waya don tantance maganin zazzaɓi tun 2010. Manomin da ke zuba kuɗin buhun masara a kan magani ya cancanci irin wannan.

Akwai wani abu da na daɗe ina juyawa. A 2019 kun hana ƙananan kwalaben maganin ƙwarin nan da matasa ke sha don kashe kansu, kuma kun yi daidai. Amma a ɓangaren ciyawa, rashin ƙaramin ƙunshi ne ke haifar da tsiyaye. Mai kwatar eka ba zai sayi lita ba, sai mai shago ya tsiyaya masa a gorar ruwa ko kwalbar lemo, ba suna ba takarda, ya kai gida ya ajiye a ƙarƙashin gado. Ga magungunan da haɗarinsu bai kai ba, ƙunshin gari ko ƙwaya a rufe, daidai goyo ɗaya, da bayaninsa a jiki, zai kashe tsiyaye ya kuma kashe gwangwanin madara a lokaci guda.

Ba na son a ɗauka duk masu haɗi ɓarayi ne. Akwai masana'antu a Legas da Ogun da suka zuba dukiya suna haɗawa a gida, akwai 'yan kasuwa masu tsoron Allah da ke karɓar kayansu in ya ɓaci. Su ne suka fi kowa cutuwa da mai haɗi a bayan gida da ganga da muciya, domin araharsa ba za su iya kamo ta ba. Kuma mai haɗawa a nan shi ya fi sauƙin a ce masa ga ruwanmu, ga zafinmu, ga harshenmu, gyara. Wanda ke cika kwalba a wata nahiya ya liƙa mata hoton zaki ba ya ma sanin inda za ta sauka.

Matata ta ce in ƙara da nata, ga shi na ƙara. Ta ce tun da feshi ya yawaita, tafasa da lalo da gasaya da suke tsinka a bakin gona sun yi wuya, wanda aka samu kuma ba a san ko jiya aka fesa shi ba. Masu yankan ciyawar dabbobi da makiyaya ma tambayarsu ke nan. Kwana nawa za a jira kafin mutum ko akuya su ci daga inda aka fesa? Amsar tana cikin takardun da aka ba ku lokacin rajista. A fito da ita gaban kwalba da lamba babba.

In za ku aiko masu sayen samfurin nan, ranki ya daɗe, su zo daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuni, lokacin da kaya ke sauka kuma kuɗi ke hannun manoma. Kada su zo da motar ofis mai tambari, kafin su kashe inji an kwashe teburan. Su shigo motar haya ranar kasuwa, su nemi mai talla da lasifika a bayan mota, su ce masa suna son mai zafi wanda ba ya kwana.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin gona daga ƙasar Zazzau